Me ya sa ɗana mai lalurar Down yake tafi da dariya maimakon ya ɗauko abin da yake so?

Tambaya: Ɗana yana da lalurar Down, shekararsa 2 da wata 8, bai daɗe da fara tafiya ba. Idan ƙwallonsa ta shige ƙarƙashin kujera, ko na sa masa biskit a roba mai murfi, sai ya taɓa sau ɗaya ya bari, ya juyo yana kallona yana dariya yana tafi har sai wani ya ɗauko masa. Babansa ya ce sangarta ce, kakarsa ta ce a ƙyale shi, haka Allah ya yi shi. Likita kuma ya ce yaran nan sukan sha wuya wajen tsara abin da za su yi. Yaro ƙarami haka me ya sani game da tsari? Akwai abin da zan iya yi masa a gida?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya shi, ya sa albarka a rayuwarsa. Abin da kika kwatanta, daga taɓawa sau ɗaya har zuwa juyowa da tafin, da wuya mako ya wuce ban gan shi ba a ɗakin da muke aiki da yara masu jinkirin girma. Likitanku gaskiya ya faɗa, sai dai ya taƙaita. Bari in warware miki abin da ke faruwa a kan yaron nan a ɗan tsakanin nan, daga lokacin da ya taɓa robar zuwa lokacin da ya juyo gare ki.

Mu manya idan aka ce tsari, hankalinmu yakan tafi wajen kasafin cefane ko shirin biki. Na jariri ƙarami ne, amma gininsu ɗaya. Yana son wani abu, abin kuma ba ya samuwa kai tsaye. Dole ya riƙe abin a ransa, ya hana hannunsa bin abin da ya fara zo masa, ya yi wani aiki dabam wanda ba shi ne abin son ba, kamar jan zani ko buɗe murfi, idan kuma hanyar ta ƙi ya nemi wata. Masanin nan na Suwizalan, Jean Piaget, a wajen 'ya'yan cikinsa ya lura cewa tsakanin wata 8 da wata 12 ne jariri yake fara kawar da wani abu don ya kai ga wani. Daga baya Peter Willatts na Jami'ar Dundee a Sukotilan ya bi abin dalla-dalla. Yakan ɗora abin wasa a ƙarshen ƙyalle, inda hannun jariri ba zai kai ba. Ɗan wata 6 yakan ja ƙyallen don ƙyallen kansa, ya yi ta wasa da shi, abin wasan ya iso gabansa bisa katari. Ɗan wata 8 kuwa idonsa na kan abin wasan tun kafin ya ja, da zarar ya matso sai ya saki ƙyallen ya cafke shi. Ja ɗaya suka yi, amma na biyun ya san abin da ya sa yake ja.

Akwai wani gwajin da nake so ƙwarai, domin kowace uwa za ta iya yin sa a kan tabarma. A 1999, Michael McCarty da Rachel Clifton da Roberta Collard a Amurka sun riƙa ajiye wa jarirai cokali ɗauke da abinci, wani lokaci mariƙin yana dama, wani lokaci yana hagu. 'Yan wata 9 sukan kai hannun da suka saba da shi ko da zai kama cokalin a baibai, sai mariƙin ya shiga baki sannan su gane an yi kuskure. 'Yan wata 14 sukan kama a baibai, amma su gyara a hanya kafin ya kai baki. 'Yan wata 19 sukan dubi cokalin tukuna, sannan su miƙa hannun da ya dace. Da fari gyara bayan kuskure, sai gyara ana cikin aiki, sai hango kuskuren kafin a yi shi. Ɗanki ma wannan matakalar yake hawa, irin ta kowane yaro. Abin da ya bambanta shi, yakan daɗe a kan kowane mataki kafin ya ɗaga ƙafa.

Asalin daɗewar daga halitta ne. Kusan kowace irin ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da zaren gado 46, waɗanda likitoci ke kira kuromosom, a jere biyu-biyu. Mai lalurar Down yana da uku a lamba ta 21, jimla 47. Likitan Ingila John Langdon Down ne ya bayyana kamannin a 1866, shi ya sa take amsa sunansa, sai a 1959 Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka gano ƙarin zaren a Faris. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu: binciken da likita Adeyokunnu ya buga daga Ibadan a 1982 ya samu kusan ɗaya cikin haihuwa 865. Ina kauce wa kalmar galahanga ne saboda mutane suna jibga mata lalurori barkatai da ba su haɗa komai ba. Zancen ɗan ruwa kuwa ba shi da tushe ko kaɗan, kuma ya cutar da yara da iyaye mata masu yawa. Babu abin da kika ci ko kika yi da cikinsa da ya jawo wannan. Kakarsa ta yi gaskiya da ta ce haka Allah ya yi shi. Inda zan roƙe ta arziki shi ne wajen "a ƙyale shi", domin Allahn da ya yi shi haka, mai koyo ya yi shi.

Wahalar tsarin nan daga jiki take farawa, tun kafin a zo kan ƙwaƙwalwa. Jariri mai Down tsokarsa da laushi, gaɓoɓinsa saki-saki, yatsunsa gajeru. Yakan makara wajen tsayar da wuya, da zama, da miƙa hannu, tafiya kuwa yawanci sai wajen shekara 2, wasu har 3 ko 4. Ki tuna sau nawa a rana ɗan wata 7 mai ƙwarin jiki yake ɗaukar murfin kwano, ya buga, ya jefar, ya bi shi da jan ciki. Kowace ɗauka karatu ne: na yi kaza, kaza ya faru. Naki ɗan a watannin nan ƙarfinsa duka ya tafi wajen riƙe kai da gangar jiki, hannuwansa biyu na dafe da ƙasa don kada ya kife, da wane hannu zai bincika murfi? Da rarrafe yaro kan tashi, kuma tunaninsa ma da rarrafen yake tashi. Deborah Fidler ta Jami'ar Jihar Kolorado da abokan aikinta, waɗanda suka daɗe suna bin wannan batu, sun nuna cewa tun ana jarirai ake ganin bambancin wajen kai hannu ga abu da juya shi a bincika. A wani aikinsu na 2005 kuma, da aka ba ƙananan yara masu Down aikin ciro abu daga inda aka sa shi, dabarunsu ba su kai na yaran da suke matakin fahimta ɗaya da su ba.

Sai batun allo. Kin san yadda malam yake rubuta wa ƙaramin ɗalibi layi ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da zai iya ɗauka kafin a wanke a ƙara masa. Kowannenmu yana da irin wannan allo a ka, inda yake riƙe abin da yake aiki da shi yanzu-yanzu, kamar lambar waya tsakanin jin ta da danna ta. Christopher Jarrold da Alan Baddeley a Ingila sun nuna cewa a wajen masu Down allon nan ƙarami ne, musamman ga abin da ya shiga ta kunne. Abin da ya shiga ta ido ya fi zama. To a kan wannan allo ake rubuta tsari. Idan kika ce masa "je ka ɗauko ludayi ka zura ƙarƙashin kujera ka jawo ƙwallonka", kafin ki kai ƙarshe farkon ya goge. Ga kuma jinkirin baki. Ki saurari ɗan shekara 3 yana wasa shi kaɗai, za ki ji yana ce wa kansa "wannan nan, a'a, wancan". Da wannan maganar yake jan akalar aikinsa, kuma wanda bakinsa ya makara, akalar ma ta makara zuwa hannunsa. Shi ya sa da Nancy Raitano Lee a 2011, da Lisa Daunhauer a 2014, suka tattara bayanan manyan da ke kula da ƙananan yara masu Down, riƙe abu a ka da tsara aiki ne suka fito a gaba cikin abubuwan da suka fi ba yaran wuya. Sarrafa fushi da motsin rai bai kai su ba.

Yanzu mu zo kan tafin, wanda shi ne ainihin tambayarki. Jennifer Wishart ta Jami'ar Edinburgh ta shafe shekaru tana bin jarirai da ƙananan yara masu Down. A 1994 ita da abokin aikinta Pitcairn suka ba yara wasan zura siffofi cikin ramukansu, da gangan aka cakuɗa da waɗanda ba za su taɓa shiga ba. Masu Down da suka ci karo da abin da ya ƙi, sai su koma kan babban da ke gabansu da 'yan wasannin da suka san suna sa mutane dariya, har hankali ya bar kan aikin. Connie Kasari da Stephanny Freeman a Kalifoniya ma a 2001 sun ga cewa yaran nan sun fi takwarorinsu duban babba da neman taimakonsa idan aiki ya yi tsauri.

A ganina, kuma ina so babansa ya ji wannan, tafin nan shi ma tsari ne. Yaron yana da abin da yake so, biskit. Ya gwada hanyar hannu, ta yi masa wuya. Yana da wata hanyar da ba ta taɓa ba shi kunya ba, fuskar mamarsa. Sai ya bi wadda ke biya. Yaron da ya iya wannan lissafi kansa yana aiki, kuma rago ba ya bin abu har ya samu. Tun yana jariri fuskar mutum ta fi kaya jan hankalinsa, nan ƙarfinsa yake, da shi kuwa ya yi amfani. Abin tsoron shi ne hanyar da ba a bi ciyawa ke rufe ta. Idan tafi ya ci gaba da kawo biskit kullum, hannu ba zai koyi murfi ba.

A nan gidajenmu suke da nasu ƙalubale. Ana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ga yaro mai lalura, mai fara'a, wanda yayye da gwaggo da kaka da 'ya'yan maƙwabta kowa ke son ya ɗauka, hannu da yawa yakan sa ya wuni bai warware matsala ko ɗaya da kansa ba. Kafin ya miƙa hannu an ba shi, kafin ya tsuguna an ɗauko. Ƙauna ce ta kawo haka, ba na ganin laifin kowa. Sai dai ƙaunar tana buƙatar a nuna mata inda za ta tsaya ta jira. Kuma kada a ɗauka rashin naci jininsa ne. Linda Gilmore da Monica Cuskelly a Ostireliya sun gwada nacin ƙananan yara masu Down a 2003, ba su same shi ƙasa da na yaran da suke matakin fahimta ɗaya ba. Da suka ci gaba da bin su har farkon balaga, waɗanda suka fi naci suna ƙanana su ne suka fi nisa a karatu da lissafi.

Kafin ki fara komai a gida, a tabbatar jikinsa ba ya ja masa baya a ɓoye. Yara masu Down da suke samun matsalar ji sun kai kusan uku cikin huɗu, sau da yawa saboda ruwa da ke taruwa bayan dodon kunne, ba ciwo ba zazzaɓi, uwa ba ta sani ba. Fiye da rabi suna da matsalar gani. Sinadarin tayirod, wanda wani ƙullutu a maƙogwaro ke samarwa, yakan yi ƙasa, yaro ya zama kullum a gajiye. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a auna sinadarin nan a lokacin haihuwa, da wata 6, da wata 12, sannan kowace shekara, a kuma yi gwajin barci tsakanin shekara 3 da 4, domin rabi ko fiye na yaran nan numfashinsu yana sarƙewa cikin barci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a binciken da Jennifer Breslin da Jamie Edgin suka buga daga Arizona a 2014, yara masu Down da ke da sarƙewar numfashin nan sun gaza waɗanda ba su da ita da kusan maki 9 a gwajin fahimtar harshe, sun kuma fi shan wuya wajen sauya dabara. Idan yana minshari, ko yana barci a zaune ko wuya a tanƙware baya, ko kina jin numfashinsa ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, ki ɗauki bidiyonsa da waya ki nuna wa likita. Cire belu wajen wanzami ba ya maganin wannan, yana ma iya jawo zubar jini da shigar cuta. Kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya, idan ba a taɓa yi masa hoton zuciya ba a yi. A duba jininsa kuma. Sashen yara na asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, nan ne wurin farawa, ga kuma cibiyoyin ƙasa na kunne da na ido a Kaduna. Na sha ganin yaron da ake cewa ba ya jin magana, aka gano kunnen ne a toshe.

To, sai gida. Abu mafi wuya da zan nema a wajenki shi ne jira. Idan ya taɓa robar ya juyo, kada ki karɓa, kada ki yi magana. Ki bar fuskarki a sake, ki mai da idonki kan robar, ki jira gwargwadon karanta Ƙulhuwallahu sau ɗaya a natse, wato wajen daƙiƙa 10. Za ki ji kamar shekara. Yaran nan saƙo yana ɗaukar lokaci kafin ya je ya dawo, kuma sau da yawa muna tsoma hannu daidai lokacin da tunanin ya fara haɗuwa. Idan ya yi tafi kada ki tsawata masa, kada kuma ki taya shi. Ki ajiye naki tafin sai murfin ya buɗe, a nan ki yi shi da gaske, ki kira babansa ya gani.

Amma jira ba ya amfani idan aikin ya fi ƙarfinsa. Roba mai murfi a matse ta yi masa yawa yanzu. Ki fara da murfi a ɗore kawai, kamar faifai a kan ƙwarya. Ya iya wannan, ki danna gefe ɗaya ki bar ɗayan a ɗage. Sannan murfin murɗawa wanda kika riga kika kwance, saura juyi ɗaya. Ki nemi roba garai-garai wadda yake hango biskit ɗin a ciki, domin abin da ido ke gani ba sai an riƙe shi a allo ba. Ma'aunina shi ne ya ci nasara a mafi yawan gwaji amma da ɗan gumi. Idan yana faɗuwa a jere, ki sauko mataki ɗaya ba tare da jin an koma baya ba.

Ƙwallon ma haka. Yau ki sa ta rabi a waje rabi a ƙarƙashin kujera. Gobe ki ɗora ta a kan ɗankwali, bakin ɗankwalin yana waje, kin ga kin dawo da shi gwajin Willatts. Daga nan ki ɗaura wa motarsa igiya gajera, kina wurin. Sai can gaba ki kawo ludayi ko muciya, ki ajiye bakin ludayin a bayan ƙwallon, shi nasa ja ne kawai. Ɗauko ludayi da kansa ya zura shi ne matakin ƙarshe, yana iya ɗaukar watanni.

Wannan dabarar ta bar masa ƙarshen aiki, ki shigar da ita ko'ina. Mu iyaye mun saba mu bar yaro ya fara, idan ya kasa mu ƙarasa masa, sai ya zama kullum a kan kasawa yake tsayawa. Ki juya abin. Ki sa masa wando ki jawo har cinya, shi ya ja zuwa ƙugu. Ki zare safa har ta wuce diddige, shi ya fizge. Ki ɓare ayaba saura ɓawo ɗaya. Kullum shi ne mai gamawa, daɗin gamawar nasa ne. Ya ƙware a na ƙarshe, ki bar masa biyu na ƙarshe. Cirewa ta fi sawa sauƙi, ki fara da ita. Idan dole ki taimaka da hannu, ki fara da hannunki a kan nasa, bayan kwanaki ki koma wuyan hannu, ki koma gwiwar hannu, ki koma nuni da yatsa, har ki janye gaba ɗaya. Taimakon da ba a rage shi yakan zama wani ɓangare na aikin a wajen yaro, ya riƙa jiran sa.

Ki rage magana, ki yawaita nunawa. Ki zauna gabansa, ki buɗe taki robar a hankali yana kallo, ki ce "buɗe", ki rufe, ki miƙa masa tasa. Kalma biyu ko uku sun isa. Ki haɗa kalma da alamar hannu: buɗe, ƙara, taimaka, an gama. A Ingila tun shekarun 1970 ake amfani da tsarin alamu da ake kira Makaton don irin wannan, kuma alama ba ta hana baki buɗewa, tana ma taimaka masa. Ba sai kin koyi nasu ba, ku tsayar da alamunku na gida kowa ya riƙa yin iri ɗaya. Alamar "taimaka" tana da muhimmanci na musamman. Fidler da abokan aikinta sun lura cewa ƙananan yara masu Down, duk da son mutanensu, ba su cika nuna takamaiman abin da suke so a yi musu ba. Akwai tazara tsakanin yaron da ke tafi yana jiran a gane, da wanda ya ɗauko robar ya ɗora a hannunki ya nuna murfin. Na biyun ya san inda matsalar take. Saboda haka idan ya gwada da gaske ya kasa, ki buɗe tafin hannunki ki jira ya sa miki robar, sannan ki kwance kaɗan ki mayar masa. Neman taimako ta wannan hanya ci gaba ne, ki karɓe shi da murna.

Gidan Bahaushe yana da makarantar tsari tun tale-tale, ita ce aike. "Kai wa Baba buta" buri ne da yaro zai riƙe a ransa daga tsakar gida har zaure, ya wuce kaza da ƙanwarsa da ƙwallo bai manta ba. Ki fara da aiken da yake hango ƙarshensa, Baba na zaune taku biyar yana miƙo hannu. Ki ƙara nisa sannu a hankali, sai wanda ke bayan ƙofa, sai mai gaɓa biyu: kai kofi, dawo da cokali. Wannan aikin babansa ne, kuma zai nuna masa da idonsa cewa yaron yana so ya yi. Kakarsa kuma ki ba ta wasan 'yartsana: a yi mata wanka, a shafa mai, a goya. Abu uku ne a jere da ya riga ya sani a jikinsa, kuma babu wanda ya kai kaka haƙurin maimaitawa. Wanke hannu kafin cin abinci ma jeri ne. Ki ɗauki hotonsa yana kowane mataki, a wanke miki hotuna uku ki manna a inda ake wankin, ki riƙa nuna masa na gaba da yatsa. Wajen cokali, tunda da dama muke ci, ki ajiye mariƙin yana hagu wani lokaci ki ga yadda zai juyo da shi zuwa damansa. Kuma idan kina aiki yana kusa, ki riƙa faɗin naki tsarin a fili: ruwa tukuna, sai gari, sai damawa.

Minti biyar sau uku ko huɗu a rana, a cikin hidimar yau da kullum, ya fi awa guda ta zaman darasi. Ki zaɓi lokacin da ya yi barci ya ƙoshi, yana ɗan marmarin abin, ba lokacin da yunwa ta ci shi ba. Ya zauna da ƙafafunsa a ƙasa, bayansa a jingine, don hannuwansa su samu 'yanci. Ki nisanta shi da gyaɗa da ƙwallon dabino da duk ƙaramin abin da zai iya shaƙe shi. Abin da ya koya a kan roba ɗaya ba lallai ya kai shi kan wata ba, sai ki riƙa sauyawa: gwangwanin madara mara kaifi, jaka mai zif, samira, kwali. Kada kuma ki karaya idan abin da ya iya ranar Litinin ya ɓace ranar Laraba. Wishart ta rubuta wannan hawa da saukar tun tuni, sabon abu yakan daɗe kafin ya kafu a wajensu, maimaici ne ke kafa shi. Duka da tsawa kuwa gudun aikin suke ƙara masa. Waya ma a taƙaita: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko talabijin, ƙasa da haka ya fi.

Ga mai karanta wannan da jariri a hannu, aikin tun watannin farko yake farawa. Goyo yana da amfaninsa, amma a bayan uwa hannu ba ya samun abin kamawa. A riƙa kwantar da shi rub da ciki a tabarma idonsa biyu, ana wurin, a tallafe shi a zaune a sa abu mara nauyi kusa da hannunsa. Amy Needham a Amurka ta nuna a 2002 cewa jariran da aka sa wa safar hannu mai manne abin wasa, tun kafin su iya kamawa, sun ƙara sha'awar bincika kaya, kuma su Fidler sun gwada wannan dabara da jarirai masu Down. Dale Ulrich kuma a 2001 ya samu cewa jarirai masu Down da aka riƙa tallafe su suna taka ƙaramin injin tafiya minti 8 a rana, kwana 5 a mako, sun riga sauran fara tafiya da kusan kwana 100. Motsin da aka ba jiki dama ya yi da wuri yana biya.

Za a kawo miki tallan magunguna da ƙarin sinadarai masu tsada da sunan buɗe ƙwaƙwalwa. A Birtaniya an gwada irin waɗannan sinadarai a kan jarirai 156 masu Down, aka buga sakamakon a 2008, ba a ga sun ƙara musu komai a girma ko magana ba. Kuɗin ya fi amfani a gwajin ji da tabarau da abinci mai gina jiki. Abin da zai sa ki koma asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba shi ne idan ya daina abubuwan da ya daɗe da ƙwarewa a kai, ko ya daina kallon ido da kula mutane, ko jikinsa yana zabura a jere, ko tafiyarsa ta canja yana riƙe wuya.

Wajen auna ci gaba, kada ki tsaya kan ko murfin ya buɗe. Ki duba ko idonsa ya ƙara daɗewa a kan robar kafin ya juyo. Ko ya gwada sau biyu maimakon ɗaya. Ko gwaji na biyun ya bambanta da na farko, ya girgiza, ya kifa, ya sa haƙori. Ko ya ɗan tsaya yana kallon abin kafin ya kai hannu, irin tsayawar ɗan wata 19 a gaban cokali. Waɗannan sukan riga nasarar zuwa da makonni, kuma mai ganin yaro kullum ba ya lura da su. Ki ɗauki bidiyon minti ɗaya yau, da robar nan da ƙwallon nan, ki sake ɗauka a farkon kowane wata a wuri ɗaya. Bayan wata uku ku zauna ke da babansa da kakarsa ku kalle su a jere, ki kuma tafi da su ranar da za ku koma wajen likita.